Inda jami'an ƙasashen tsibirai suke tuntuɓe wajen auna kuɗin aiki da amfaninsa

A ayyukan kare jama'a daga illar sauyin yanayi, babban kuskuren da ya fi kowanne shi ne a yanke shawara tukuna sannan a zo ana neman lissafi. Minista ya riga ya ce katangar tare teku za a gina, sai a kira jami'in ma'aikatar kuɗi a ce ya haɗa takardar da za a kai wa masu ba da tallafi, to me ya rage masa ya auna? Gyaran shi ne tun aikin yana baki a jera zaɓi uku ko huɗu, katanga, dashen itatuwan mangurof (itatuwan bakin teku da ke rage ƙarfin igiyar ruwa), ɗaga gidaje, ko ma tashi gaba ɗaya kamar yadda ƙauyen Vunidogoloa na Fiji ya koma tudu wajen kilomita 2 a 2014. A garin Lami kusa da Suva, babban birnin Fiji, an taɓa yin irin wannan kwatancen, mangurof ɗin da ake rainawa ya fi katanga biyan kuɗinsa.

Sai mantuwa da kuɗin gyara. Wannan kam ruwan dare ne. A sa kuɗin sayen injin tace ruwan gishiri, a manta da man da zai sha da kayan gyaran da sai jirgin ruwa ya kawo, bayan shekara biyu inji yana can ya yi tsatsa a bayan ofis. Ƙasar Tuvalu ta ga fari a 2011 har sai da aka kawo mata irin waɗannan injina ta jirgin sama, don haka ba wasa ba ne, amma a rubuta wa zai biya mai a shekara ta biyar.

Akwai kuma wanda ni ya fi ba ni haushi, wato kason da ake rage darajar kuɗin gaba da shi. Mutum ya ga kashi 10 a wani tsohon rahoto ya kwafa kawai. Da kashi 10, amfanin dala 100 da zai zo nan da shekara 30 bai kai dala 6 a yau ba, da kashi 3 kuwa ya haura dala 41, kun ga lamba ɗaya ta isa ta kashe aikin da jikoki ne za su ci moriyarsa. A gwada da biyun, a nuna wa masu yanke hukunci duka. Haka ma kar a ɗauka in ba a yi aikin ba komai zai zauna yadda yake, guguwar Pam ta 2015 ta ci wa ƙasar Banuwatu sama da kashi 60 na arzikin da take samarwa a shekara, irin wannan asarar ce ake kwatanta aikin da ita.

Abin da ba shi da farashi, kaburburan kakanni, wurin kamun kifin mata, ba sifili ba ne, a rubuta shi da kalmomi a gefen alƙaluman.

Horon da ake ba jami'ai kan wannan lissafi ma kansa ana kwafsawa. A yi bitar kwana biyar a otal, a raba satifiket, ƙwararren da aka ɗauko daga waje ya tattara fayil ɗinsa na Excel ya hau jirgi, mutum ɗaya da ya gane abin kuma a yi masa canjin wurin aiki ko ya tafi karatu Ostireliya. Gara a ɗauki aiki na gaske da ke kan tebur, a haɗa mutumin kuɗi da na muhalli da injiniyan ayyuka su yi shi tare wata da watanni, fayil ɗin kuma ya zauna a ma'aikata inda na baya zai buɗe ya gani.