Yadda Ɗalibin Jami'a Zai Riƙa Sa Ido a Kan Karatunsa

Ɗalibin da ya shigo jami'a yakan tarar babu malamin da zai bi shi yana tambayar ko ya yi bita, don haka ragamar karatunsa tana hannunsa. Abin da zai taimake shi shi ne iya lura da tunaninsa, wato bambance abin da ya fahimta da abin da yake zaton ya fahimta, batun da masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, John Flavell, ya yi fice wajen bayaninsa a shekarun 1970.

Kafin ka buɗe littafi, ka ƙayyade abin da kake son ka iya a ƙarshen zaman. Idan ka kammala babi, ka rufe littafin, ka rubuta abin da ka tuna da kalmominka, sannan ka gwada shi da na asali. A ganina wannan mataki ya fi kowane muhimmanci, domin yawan maimaita shafi yakan sa ido ya saba da kalmomin har mutum ya ɗauka ya gane, alhali ranar jarrabawa ba zai iya kawo su ba. Inda ka kasa, nan za ka fara gobe, ko ka kai wa malami ko abokan bita.

Idan aka dawo maka da takardar gwaji, kada ka tsaya a kan maki kawai. Ka duba ko kuskuren daga rashin fahimta ya taso ko daga gaggawa, ka sauya dabararka daidai da hakan.