Yadda ake lissafin nisa da tsawon tafiyar jirgin sama daga Damagaram zuwa Yamai

Matafiyin da zai tashi daga Damagaram ya fara da sanin alamar filayen jirgin biyu, domin da ita ake bincike a intanet, kuma ita ake bugawa a jikin tikiti: ZND ita ce ta filin jirgin Zinder, wato Damagaram, NIM kuwa ta filin Diori Hamani na Yamai. Idan aka shigar da su a shafin da ke auna nisa, za a ga kimanin kilomita 740, alhali mai bin hanyar mota ta Maraɗi, Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso sai ya ci kusan kilomita 900. Wasu shafukan suna ba da adadin ne da mil na teku, wanda kowane ɗaya daidai yake da kilomita 1.852, saboda haka wanda ya ga 400 kada ya ɗauka an rage masa hanya.

Daga nan sai a raba nisan da gudun jirgin. Jirgi mai farfela irin ATR 72 yana yin wajen kilomita 500 a awa, wato awa ɗaya da rabi ke nan, yayin da Boeing 737, mai gudun sama da kilomita 800, ba zai cika awa guda ba. Sai dai wannan lissafin takarda ne, domin jirgi ba ya kai cikakken gudunsa sa'ad da yake hawa ko yake shirin sauka, kuma yakan ɗauki lokaci yana gangarawa a ƙasa kafin ya kai bakin titin tashi. Don haka a ƙara minti 20 zuwa 30 a kan abin da aka samu.

Abin da ya fi rikita lissafi shi ne ya da zango. Kafin a biya kuɗi, a tambayi mai sayar da tikiti ko jirgin kai tsaye zai wuce, ko kuwa zai sauka a Maraɗi ko Agadas, domin Agadas tana can arewa, kuma bi ta can yana tsawaita hanyar ƙwarai. A ganina wannan tambaya ta fi kowane adadi na kilomita amfani. Haka nan daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo ke rufe gari har mutum ya kasa hango ƙarshen titin filin, ana iya jinkirta tashi ko a ɗage shi, don haka wanda zai hau wani jirgin daga Yamai ya bar tazarar kwana guda a tsakani.

Maniyyata da masu zuwa Umara suna da ƙarin abin lura. Tsakanin Yamai da Jidda akwai kimanin kilomita 4,000, kuma agogon Saudiyya yana gaban na Nijar da awa 2. Lokacin saukar da ke kan tikiti na ƙasar da za a sauka ne, saboda haka idan an rubuta tashi ƙarfe 10 na dare, sauka ƙarfe 5 na asuba, a cire awa biyun nan: awa 5 za a yi a sama.