Kafin a zuba kankare a mashigar mota: kurakuran da ake yi wajen tanadin cajin motar lantarki

A sabbin unguwannin Yamai, irin su Kubiya da Bobiyel, kusan duk gidan da ake ginawa yanzu yana da babbar ƙofa ta mota da wurin ajiye ta a tsakar gida. Da an gama gini sai a kira magini ya zuba kankare daga ƙofa har bakin baranda. Motocin lantarki ba su yi yawa a titunanmu ba tukuna, amma kankaren da aka zuba bana zai yi shekaru masu yawa yana nan, motar da ke hawa kansa kuwa za a canza ta sau biyu ko uku. Ranar da wata ta zo da igiyar caji maimakon tankin mai, wanda bai yi tanadi ba sai dai ya kira masu diga su fasa abin da ya kashe wa kuɗi.

Tanadin da ake bukata yau ba na'urar caji ba ce. Bututu ne fanko a ƙarƙashin ƙasa, da ter mai kyau, wato wayar da ke sauke wuta cikin ƙasa, da gurbi a tablo, wato akwatin da ke raba wuta ga layukan gida. Masu kuɗi a hannu su ne suka fi yin kuskure a nan: sai mutum ya yo odar caja daga Dubai ko Faransa alhali bai ma san motar da zai saya ba. Bakin caji kuwa ba iri ɗaya ba ne. Motocin Turai suna amfani da wanda ake kira Type 2, tsofaffin motocin Amurka da Japan da yawa Type 1 ne, waɗanda aka ƙera domin kasuwar cikin gida ta Sin kuma GB/T. Mu da motocinmu ke zuwa na hannu daga ko'ina ta tashoshin jiragen ruwa irin su Lome, babu mai iya cewa wanne zai faɗo masa. A bar sayen caja sai mota ta iso.

Bututun ne ke jawo gardama da magini. Za ka ji ya ce, "Alhaji, ai ba sai an yi rami ba, mu shimfiɗa wayar cikin kankaren mu rufe, babu abin da zai same ta." Kada a yarda. Wayar da siminti ya kama ba ta ciruwa, ba a ƙara mata girma, kuma in kankaren ya tsage da nauyin mota, tare da ita zai tsage. Abin da ake yi shi ne a haƙa rami daga tablo zuwa inda mota ke tsayawa, zurfin santimita 50 a inda ƙafa kawai ke bi, santimita 85 a inda tayar mota za ta taka. A zuba yashi mai laushi a ƙasa, a kwantar da jan bututun roba na wuta mai faɗin milimita 63, a sake rufe shi da yashi. Kamar santimita 20 a samansa a shimfiɗa jar raga ta gargaɗi, domin wanda zai yi haƙa a wurin wata rana ya ci karo da ita kafin ya kai ga wuta. Tsakanin wannan bututu da tiyon famfo a bar aƙalla santimita 20.

Akwai ƙananan abubuwa uku da ake mantawa, su ne kuma ke sa bututun ya zama na banza. Ana lanƙwasa shi da kaifi a kwana, ranar jan waya mai kauri ta ƙi wucewa. A yi kwanar da faɗi, ko a gina ɗan akwati mai murfi a wurin. Ana mantawa a bar igiyar jan waya a ciki. Sannan ana barin bakinsa a buɗe, ruwan damina da yashi da ɓeraye su cika shi cikin shekara guda. A toshe bakuna biyun da kyau. Tun da rami yana buɗe, a ƙara ƙaramin bututu na biyu a gefe, saboda cajoji da yawa suna bukatar siririyar waya da ke zuwa tablo ta gaya musu yawan wutar da gida ke ja. Wanda bai riga ya yanke shawara a kan daɓe ba, pave, wato tubalan da ake jerawa a ƙasa, ya fi kankare sauƙin sha'ani: ana ɗaga shi a mayar.

Ina bututun zai fito? Mutane sukan kai shi can ƙuryar garaji don kada ya ɓata gani. Amma ƙofar caji a jikin mota ba wuri ɗaya take ba. Ta Nissan Leaf da Renault Zoe a hanci take, ta Tesla a baya ta hagu, igiyar caji kuma galibi mita 5 ce. In an fito da shi a bangon gefe, daidai tsakiyar tsawon mota, zai kai gaba ya kai baya. A kula kada igiyar ta ratsa hanyar da yara da masu aikin gida ke bi, kuma kada ganyen ƙofa ya buge na'urar in an wangale shi. Ita kuwa dabarar jawo waya ta saman katanga zuwa motar da ke kwana a waje, ban ga amfanin a tsaya dogon bayani a kanta ba: ga awaki, ga ruwa, ga masu yankar tagulla da dare.

Maganar da ta fi kowace nauyi a ƙasarmu ita ce ter. Gidaje da yawa ba su da ita sam, ko kuma an kafa ɗan guntun ƙarfe a bayan ɗaki an ce an yi. Firigo da talabijin za su yi aiki haka, shi ya sa ba a damuwa. Motar lantarki kuwa tana bincikar layin kafin ta karɓi wuta, wasu ma, irin su Renault Zoe, an san su da ƙin caji in ter ba ta gamsar da su ba. Mai mota ya yi ta zargin caja ko batir, alhali matsalar tana ƙarƙashin ƙafarsa. Ko da motar ta yarda, ƙarfe ne mai nauyin fiye da tan guda a jone da wutar bolt 230 a tsakar gida, inda yaro zai dafa ta ba takalmi bayan an yi wanki.

Busasshen yashi ba ya wuce da wuta yadda ƙasa mai danshi ke yi, kuma Yamai takan yi wata bakwai ko takwas ba ruwan kirki. Ƙa'idar aikin wuta ta Faransa, NF C 15-100, ta ce kada juriyar ter, wato yadda ƙasa ke hana wuta wucewa, ta wuce om 100. Sanda ɗaya mai tsawon mita ɗaya da rabi a cikin yashi tana iya zarce wannan nesa ba kusa ba. Ana aunawa da na'ura, ba da ido ba, kuma lokacin awon yana da muhimmanci: wanda ya auna a watan Agusta bayan an sheƙa ruwa zai ga lamba mai daɗi da za ta gudu kafin Maris. A auna da rani. In lambar ta yi sama, a kafa sanduna biyu ko uku, a bar tazarar da ba ta gaza tsawon sandar ba a tsakaninsu, a haɗa su. Wanda ke kan gini ya fi kowa sa'a, domin zai iya shimfiɗa tsirarar wayar tagulla mai kaurin milimita murabba'i 25 a gindin ramin tushen gida kafin a zuba kankare, wannan ta fi sanda riƙe ƙasa. Zuba gishiri da gawayi a ramin, wanda wasu ke yi, yana sauke lambar na ɗan lokaci, amma gishirin yana cin ƙarfen, ruwa kuma ya wanke shi. Kada a ɗaure ter a tiyon famfo. A bar ɗan akwati mai murfi a kan mahaɗar, kada a binne ta cikin daɓe, don a riƙa dubawa.

Sai ƙarfin kontar, wato mitar wuta. Ɗauko takardar biyan wutarka ta NIGELEC, kamfanin wutar Nijar, ka duba kilowat nawa ka yi rajista da shi. Caja mai amfa 32 a layi ɗaya tana jan kilowat 7.4. In rajistarka kilowat 6 ce, ita kaɗai ta wuce ƙarfin gidan, balle a watan Afrilu da kilim biyu, wato na'urorin sanyaya ɗaki, ke kunne da firigo. Kuskuren shi ne a ɗauka dole sai babbar caja. Irin waɗannan motoci suna cin tsakanin kilowat-awa 15 zuwa 20 a kilomita 100. Wanda ke yawon kilomita 40 a rana, daga gida zuwa Filato, ya kai yara makaranta, ya leƙa kasuwa, kimanin kilowat-awa 7 zai mayar, abin da caja mai amfa 16, wato kilowat 3.7, za ta yi cikin awa biyu. Ko tafiyar Doso ce, kusan kilomita 140, daren guda ya isa. Yawancin cajoji ana iya rage musu amfa har zuwa 6. Saboda haka a yi bututu babba, amma kada a garzaya neman kontar mai layin wuta uku sai an yi lissafi da mai aikin wuta.

Firis ɗin bango, wato soket, da ralonj, wato wayar ƙarin tsawo, kuwa, a nan gobara ke farawa. Caji kamar dutsen guga ne da aka bari a kunne tun isha'i har asuba, ba hutu. Firis na yau da kullum ba don haka aka yi shi ba. Zai yi zafi, robar ta yi baƙi, ta narke. Ralonj da aka bari a nannaɗe ya fi haka muni. Caja tana son layinta ita kaɗai daga tablo, ba a raba shi da injin jan ruwa ko fitilar waje ba. Ga amfa 16 a gajeriyar tazara waya mai 2.5 ta isa, ga amfa 32 ƙa'idar Faransa ta nemi mai 10 da disjonkta, wato makatsin wuta, mai amfa 40. Wajen sayen waya a kankare bakinta da wuƙa a gani: in jan ya goge fari ya bayyana, alminiyam ne aka shafa wa tagulla, a mayar wa mai shago abinsa. Layin ya samu makarin yoyon wuta na miliamfa 30, nau'in A in cajar tana da nata mai gano yoyon wutar batir, in ba ta da shi nau'in B. Nau'in AC da aka saba sawa a gidaje bai dace ba. Da tsawar damina da yadda wuta ke dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke, makarin tsawa a tablo ba almubazzaranci ba ne. Duk waɗannan suna son gurbi, don haka a sayi tablo mai layin da ba a cika ba.

Ɗauke wutar ma a sa shi cikin lissafi. Ba mu manta watan Agustan 2023 ba, da Najeriya ta katse layin da ke zuwa daga Birnin Kebbi, kuma ko da tashar hasken rana ta Gorubanda mai megawat 30 ta fara aiki, lokacin zafi ana ci gaba da rabon wuta. Gidaje masu gurup, wato janareto, ko panon hasken rana sukan haɗa dukkan tablo a kan abin juya layi guda. In caja tana ciki, da NIGELEC ta ɗauke sai mota ta koma zuƙar batiran gida, cikin ɗan lokaci fanka ta tsaya, ko ƙaramin gurup ya shaƙe ya mutu. A ware layin caja daga ɓangaren da gurup da batira ke ciyarwa, sai in da gangan aka yi girman tsarin domin mota. Mai niyyar sa pano a rufin rumfar mota ya bar wa wayoyinsu nasu bututun tun yanzu.

Rumfar kanta ba ado ba ce. Zafinmu na wuce digiri 40 a inuwa, zafi kuma yana tsufar da batir. Tsofaffin Leaf da ba su da sanyaya batir da ruwa sun sha wannan a jihar Arizona ta Amurka. Caja ma in ta yi zafi takan rage gudu da kanta. A guji bangon da ranar yamma ke duka, a nemi na'ura mai lambar kariya daga ƙura da ruwa ta IP54 ko sama saboda ƙurar hunturu, a ɗaga ta kamar mita ɗaya da ɗan kai daga ƙasa. Mutanen Lamorde da Kirkisoi da suka ga ambaliyar 2020 ba sai an gaya musu dalili ba. Gangaren daɓe ya kai ruwa waje, kada ya tara shi a gindin bangon da caja take.

Kafin a mayar da ƙasa, a ɗauki hoton ramin daga ɓangarori biyu da ma'auni a shimfiɗe, a rubuta tazararsa daga katanga da zurfinsa da lambar da awon ter ya bayar da watan da aka auna, a ajiye tare da takardun filin.