Kurakuran da ke hana samari samun makullin babbar mota, da waɗanda ke sa a karɓe shi

Da zarar an fara yankan shinkafa a fadamun Auyo da Haɗeja, ko riɗi ya fara fita daga Gumel da Maigatari zuwa Dawanau, sai samari su cika ƙofar masu motoci suna neman tuƙi. Na yi yaron mota shekaru kafin a ba ni sitiyari, yanzu kuma ni ke duba direbobin wani ɗan kasuwa. Mafi yawan waɗanda nake sallama sun iya juya mota sarai. Abin da ke kayar da su daban ne.

Na farko lasin. Yaro zai zaro kati daga aljihu yana murmushi, ka duba ka ga aji B ne, na ƙaramar mota, alhali tirela yake nema. A Najeriya kowane irin abin hawa da ajinsa: tirela mai kai da bodi aji G ce, tarakta da injinan noma F, katafila da gireda da sauran masu ture ƙasa H. Kuma lasin haya ba a bayarwa sai mutum ya kai shekara 26, ba 18 ba kamar na motar gida. Wanda bai kai ba, gara ya ci gaba da bin maigidansa yana koyo, da ya je ya ƙara wa kansa shekaru a takarda, domin ranar da aka haɗa da lambar NIN ɗinsa za a ga saɓani.

Mafi muni shi ne lasin "kawo kuɗi da hoto". Ka ba wani a tasha kuɗi, bayan kwana uku ya kawo maka kati mai sheƙi, ba ka taka ofishin kowa ba. Wannan ba ya cikin kwamfutar hukumar kiyaye haɗurra, FRSC, kuma kamfanin da ya san abin da yake yi zai buga lambar ya gani. Hanyar ita ce makarantar tuƙi da hukumar ta amince da ita, gwajin VIO, wato jami'an duba motoci, sannan ka je da ƙafarka a ɗauki hotonka da zanen yatsunka. Za a ba ka na wucin gadi na kwana 60 kafin na dindindin ya fito, na shekara 3 ko 5. Mai neman aikin katafila a kamfanin hanya kuma ya haɗa da takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, tana taimakawa ƙwarai.

Sai gwajin safe, inda nake gane mutum tun bai motsa taya ba. Kwanan baya na miƙa wa wani makulli. Ya ce, "Oga, ai ni tun ina ƙarami nake cikin mota." Ya ɗare, ya tayar, ya taka kuloci zai saka giya. Na ƙwanƙwasa ƙofa na ce, "Ɗan'uwa, iskarka nawa?" Ya kalle ni, ya kalli allurar, tana kwance. Birkin babbar mota da iska yake aiki, sai ta taru a tanki kafin a tashi. Bai ja sandar baƙin mai ba, bai leƙa ruwan lagireto ba, bai zagaya ya buga tayoyi ba, bai buɗe ƙasan tankin iska ya zubar da ruwan da ya kwana a ciki ba. Duka wannan bai fi minti 15 ba. Taya ma akwai lamba huɗu a gefenta: 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021 aka yi ta. Tayar da ta tsufa, ko zanenta na nan raɗau, zafin kwaltar watan Afrilu zai iya fasa ta.

Akwai kuskuren da ƙasarmu ce ta jawo mana shi. Jigawa shimfiɗe take kamar faifai, yaro zai koyi mota tsakanin Ringim da Gujungu bai taɓa ganin gangare na gaske ba. Ran da aka aike shi Jos ko kudu, ya iso wuri irin Hawan Kibo da lodi, sai ya sake ta firi wai yana tattalin gas, ko ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama har ƙasa. Birki ya yi zafi ya daina kamawa, iska ta ƙare, shi ke nan. Giyar da za ta hau da kai tudu ita za ka sauka da ita, kuma tun kafin gangaren ake saka ta. Gudu ma haka: dokar hanya ta tsayar wa tirela da tanka kilomita 60 a awa a babban titi mai hannu biyu, kuma tun 2017 ake tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu. Cire mata waya ba wayo ba ne.

Ɗibar mutane a kan kaya kuwa, kowa ya san haramun ne a doka, kowa kuma yana gani ranar Alhamis idan kasuwar Maigatari ta tashi: shanu a ƙasa, mutane jere a kan katako. Kuɗin yana shiga aljihun direba, amma idan mota ta kife, shi za a tambaya. Direban tanka nauyinsa ya fi haka. Abin da ya faru a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a watan Oktoba na 2024, inda tanka ta faɗi, jama'a suka taru ɗibar fetur, wuta ta ci sama da mutum 150, ya isa ya sa kowane direba ya san aikinsa idan mota ta faɗi: kashe inji, kore mutane nesa, kiran hukuma nan take.

Masu tarakta nasu kuskuren biyu ne. Suna ɗaura sarƙa a sama da gatarin baya don ciro motar da ta kafe a laka, gaban tarakta ya ɗaga ta kife a kansu. A ƙugiyar ja ta ƙasa ake ɗaurawa. Sannan suna lissafin juyen mai da wata, alhali injin da awa ake lissafa masa. Injuna da yawa awa 250 ne, littafin injin zai faɗa. A ƙurar rani, matatar iska kullum sai an duba. Mai eskabeta kuma kada ya laluba yoyon tiyo da hannu, man yana fitowa da ƙarfin da zai huda fata. A kara kwali a gani.

Maganar ƙwaya ba zan ja ta ba. Mai shan tiramadol don ya kwana yana tuƙi, idonsa ke tona shi, kuma ba na ba shi dama ta biyu.

Saura gas da wayabil, wato takardar da aka rubuta yawan kayan da ka ɗauko. Ƙirga buhunan da kanka kafin ka sa hannu, domin abin da aka rubuta shi za a nema a wurinka a Dawanau. Gas kuma maigida ya san lita nawa motarsa ke sha daga Haɗeja zuwa Kano. Direban da ya zuƙi jarka ɗaya ya sayar a hanya, ba a cika yi masa magana ranar ba. Sai a tafiya ta uku a ce ya ajiye makulli ya huta tukuna, za a neme shi.