Tebur mai hawa da sauka da wuta: yadda zaka zaɓi ƙafafunsa ka haɗa abinka a gida

Tun da na koma yin aiki daga gida ƙuguna ya fara damuna, musamman bayan la'asar in na wuni gaban kwamfuta tun safe ban tashi ba sai lokacin sallah. Shi yasa na nemi teburin nan da ake danna maɓalli ya ɗaga kayi aiki a tsaye, ka sake dannawa ya sauko ka zauna. Yanzu wajen shekara biyu kenan ina amfani da shi, kuma duk wanda ya shigo ɗakin sai ya tambayeni yaya abin yake, to ga abinda na sani.

Shawarata tun farko, in kana iya samun ƙafafun kaɗai, wato firam ɗin ƙarfen da injinsa, to kar ka sayi cikakken tebur. Katakon saman shi ke ƙara nauyi da kuɗin ɗauko kaya, kuma sau da yawa garin katako ne aka matse aka lulluɓe, ruwa na taɓa gefensa ya kumbura. Kafintan unguwarku zai yi maka saman daidai da faɗin ɗakinka, kuɗin da ka rage ka zuba shi a ƙafafu masu kyau, don nan ne duk aikin yake.

Kafin ka tambayi farashi ma, ɗauko tef ɗin tela ka auna kanka. Ka miƙe tsaye da silifas ɗin da ka saba sawa a gida, ka saki kafaɗa, ka lanƙwasa hannu kamar kana buga kibod, wani ya auna maka daga ƙasa zuwa gwiwar hannunka. Sai ka zauna kan kujerar da zaka riƙa aiki a kai, tafin ƙafa a ƙasa, a sake aunawa. Lambobin nan biyu su ne zaka je kasuwa dasu, amma ka tuna ka cire kaurin katako a lissafin. Dalili kuwa ƙafafun iri biyu ne. Akwai masu gaɓa biyu, wato ƙarfe biyu ɗaya yana shigewa cikin ɗaya, yawanci suna tashi daga wajen santimita 70 zuwa kusan 120, akwai kuma masu gaɓa uku da suke sauka har kusan 60 su hau zuwa 125 ko sama kaɗan. Mutane suna duba iya hawan kawai su manta da saukar, alhali in ba dogo bane kai, ko matarka da yara zasu riƙa zama a kai, santimita 70 ɗin nan da katako a sama ya yi maku tsayi, zaka ga kana ɗage kafaɗa kana rubutu, ciwon ya bar ƙugu ya koma wuya. Ni mai gaɓa uku na ɗauka kuma ban yi nadama ba.

Sai maganar inji. Mai inji ɗaya, injin yana jikin ƙafa guda, wani dogon ƙarfe ne yake juya ɗayar, yafi araha, yana ɗaukar kamar kilo 70 zuwa 80. Mai inji biyu kowace ƙafa da nata a ciki, ɗan akwatin da ake ɗaurewa a ƙasan tebur shi yake daidaita su suna tafiya tare, yafi sauri, kuma yana ɗaukar kilo 100 zuwa 120. Kar ka ce ai laftof ɗina bai fi kilo biyu ba, katakon ma yana cikin lissafi, MDF, wato katakon da aka matse, mai tsawon santimita 150 da faɗin 70 da kaurin 2.5 shi kaɗai kusan kilo 20 ne, ga monita, ga littattafai, ga hannunka da zaka riƙa dogarawa. In laftof ne kawai da kofin shayi inji ɗaya ya isheka, in kuwa monita biyu ne ko kana da niyyar ƙara kaya, gaskiya ka daure ka sayi mai biyu.

In ka samu damar ganin kayan da idonka, ka ce a ɗaga shi har ƙarshe sannan ka tura shi da hannu gaba da baya, da gefe da gefe. Kowanne yana ɗan motsi a can sama, amma wanda yake rawa sosai ka bar musu abinsu, don kana buga rubutu sikirin zai riƙa karkarwa, kwana uku zaka daina tsayuwar. Ka tambayi waye ya ƙera injin da akwatin, da yawa daga teburan nan sunan mai sayarwa ne kawai a jiki, kayan cikin na kamfanoni ne irin su Linak na Denmark ko Jiecang na China. Ka kuma tambayi garanti, da ko ana samun akwatin shi kaɗai in ya ƙone, wannan tambayar tafi ta farashi muhimmanci a wajena.

Wuta kuma dan Allah ka kula. Ka juya akwatin ka karanta takardar jikinsa, in an rubuta 220–240V ko 100–240V to ya dace da wutarmu, amma wanda aka yi don Amurka mai 110 ko 120 kawai kana jona shi kai tsaye ka ƙona shi. Ka haɗa shi da sitabilaiza ko abin kare tashin wuta, saboda ba injin ke fara mutuwa ba, akwatin ne, lokacin da aka dawo da wuta da ƙarfi ko ana canjawa zuwa janareta. Cin wuta dai ba matsala, sai yana motsi yake ja, kuma hawan bai wuce daƙiƙa 15 zuwa 20 ba, inbata da sola suna ɗaukarsa lafiya lau. In aka ɗauke wuta yana cikin tafiya ba zai faɗo ba, nan zai tsaya cak inda yake, sai dai ba zai motsa ba har ta dawo, shi yasa kullum in na tashi aiki nake saukar dashi tsayin zama, kar in wayi gari ba wuta tebur yana sama.

Haɗawa ba wuya amma ku zama ku biyu. Ku shimfiɗa kafet ko kwalin da yazo ciki, ku kifa katakon, ku ɗora firam ɗin ƙafa a sama. Kar ka ƙulle noti ko ɗaya da alanki sai duk sun shiga, sannan ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ka gwada tsawon sukuru da kaurin katako kafin ka ɗaura don kar ya ɓullo ta sama, kuma a fara huda ƙaramin rami tukuna. Bayan kun juyo shi, kafin ka ɗora komai, ka danne maɓallin sauka har ya kai ƙasa, ka ci gaba da dannewa har ya ɗan motsa ya tsaya, haka yake gane inda ƙafafunsa suke. Duk ranar da ka ga ya ƙi tafiya ko gefe ɗaya yafi ɗaya, wannan zaka fara yi kafin ka kira mai gyara. In tayil ɗin ɗakin bai daidaita ba, ƙasan ƙafafun akwai robobi da ake murzawa.

Wayoyi su ne suka fara bani matsala, ranar farko na ɗaga tebur wayar caja ta gaza, ta finciko laftof ɗin saura kaɗan ya faɗi, raina ya ɓaci sosai. Abinda zaka yi, ka ɗaure ekstenshan a ƙasan katakon, komai ya shiga nan, waya ɗaya tak ce zata tafi soket ɗin bango, ita ma ka bar mata sauran tsawo ka gwada a ƙarshen hawa. Ka bar tazara kamar faɗin yatsu uku tsakaninsa da bango, ka duba kar ya daki bakin taga ko kanta in yana hawa, ko hannun kujera in yana sauka. Masu kyau suna tsayawa su ja baya in sun ci karo da abu, amma abu mai laushi ba lallai su ji shi ba, don haka in da yara a gidan ka kulle maɓallan ko ka zare wuta. Yaran ma in suka mai dashi abin wasa injin zai yi zafi, yawancinsu minti 2 na aiki suke so sannan hutun minti 18, wasu har su rubuta HOT su ƙi motsi, ka ƙyale shi ya huce. Lokacin hunturu da ƙura ka ɗaga shi ka goge ƙafafun da busasshen tsumma, banda ruwa, banda zuba mai, bayan wata ɗaya kuma ka sake bin notikan.

Tsayuwar ita kanta, kar ka ce daga yau ka daina zama, wuni a tsaye shima yana kawo ciwon ƙafa da baya, canjin ne yake da amfani. Farfesa Alan Hedge na jami'ar Cornell yana bada shawarar a kowane rabin awa a zauna minti 20, a tsaya 8, a ɗan taka na minti 2. Ni ban iya bin agogo haka, sai na ɗaure abin da aikina, kiran waya da karanta saƙonni a tsaye, dogon rubutu a zaune. Makon farko ka fara da minti 10 ko 15 ka riƙa ƙarawa. In naka yana da maɓallan adana tsayi, ka adana tsayin zamanka da na tsayuwarka a maɓallin 1 da 2 don kar kullum kana lalube. Saman sikirin ya zama daidai idonka, nisan miƙa hannu, in laftof ne ka ɗaga shi kan wani abu ka sayi kibod daban. Tsayuwa kan tayil ba takalmi tana gajiyar da dugadugai, ka sa silifas mai laushi ko ka ninka darduma, ka ajiye 'yar kujerar tsugunne a ƙasa kana ɗora ƙafa ɗaya kana canjawa. In kuwa ciwon bayan yana sauka har ƙafa ko kana jin ta tana sagewa, ka je ka ga likita tukuna kafin ka kashe kuɗinka a tebur.