Kurakuran da muke yawan yi a muhawarar siyasa da yadda za a gyara su

Mutum biyu za su fara magana a kan tsadar rayuwa ko matsalar tsaro, kafin a jima sai ka ji an koma kan asalin wane, da addinin wane, da abin da uban wane ya aikata shekara ashirin baya. Batun da aka faro ya ɓace. Wannan kuskuren ya fi kowanne yawa, kuma shi ya fi yi mini ciwo: a bar magana a kama mai maganar. Idan wani ya ce kuɗin da aka ware wa ilimi sun yi kaɗan, sai a kawo alƙaluma a gani ko sun yi kaɗan ɗin. Ko ɓarawo ne ya faɗa, lissafin yana nan yadda yake. Kafin ka mayar da martani ka tambayi kanka: da gwanina ne ya faɗi haka, zan musa?

Ana iya kame baki ko da zaɓe ya ƙarato. A 2008, a wani taron yaƙin neman zaɓe a Amurka, wata mai goyon bayan ɗan takarar shugaban ƙasa John McCain ta fara sukar abokin hamayyarsa Barack Obama ta fuskar asali. McCain ya karɓe makirufo, ya shaida wa jama'a cewa Obama mutumin kirki ne, saɓaninsu a kan manufofi ne kawai. Magoya bayansa ne a gabansa, kuma ƙuri'a yake nema.

Sai kuma "to, naku fa?" A ce gwamnatinku ta gaza, ka ce ai ta baya ma ta gaza. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ka fara amsa zargin da aka yi maka, in ya so daga baya ka kawo naka.

Mafi haɗari shi ne kiran jama'a da sunan dabba ko ƙwaro ko cuta. Wasu na ɗaukar sa kamar zafin baki ne kawai na sojojin baka. A Ruwanda, gidan rediyon RTLM ya yi ta kiran 'yan ƙabilar Tutsi kyankyasai, har kunne ya saba. Da kisa ya ɓarke a Afrilun 1994, an kashe kimanin mutum 800,000 cikin kwana ɗari, kuma rediyon na karanto sunayen mutane da wuraren da suka ɓuya. A 2003 kotun Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Arusha ta samu Ferdinand Nahimana, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa gidan rediyon, da laifi saboda abin da aka watsa. Wanda aka daɗe ana ce masa maƙwabcinsa ƙwaro ne, ba zai ji nauyin taka shi ba. Idan wani ya yi ɓarna, ka ambaci ɓarnar da wanda ya yi ta. Kada ka ɗora wa ƙabila ko addini ko yanki baki ɗaya. Idan kuma ɗan ɓangarenka ne ya saki irin wannan kalma, kai ya fi dacewa ka tsawata masa, don ba zai saurari ɗan adawa ba.

Yaɗa labarin ƙanzon kurege shi ma ya zama ruwan dare. Masu bincike a jami'ar MIT sun bibiyi labarai kusan 126,000 a Twitter, suka wallafa a 2018 cewa ƙarya ta fi gaskiya saurin yaɗuwa, kuma mutane ne suka fi tura ta, ba na'urori ba. Labarin da ya faranta maka rai don ya tozarta wanda ba ka so, shi ya kamata ka fi tuhuma. Duba ranar da aka buga shi, nemi wata kafa da ta kawo shi, hoto kuma ka saka shi a manhajar binciken hoto ta Google Lens ka ga ko tsoho ne aka sake masa riga.

Akwai kuma ƙaƙaba wa abokin hamayya abin da bai faɗa ba. Ya ce a rage kuɗin da ake kashewa kan makamai, kai ka ce yana so a bar ƙasa ba tsaro. Guntun bidiyo na daƙiƙa goma da aka yanko daga jawabin awa guda yakan yi irin wannan aikin. Ka nemo cikakken jawabin ka saurara. Sannan, kafin ka soki ra'ayinsa, ka maimaita masa shi da bakinka har sai ya ce "haka nake nufi". In bai ce haka ba, ka sake tambayarsa.