Kafin a haƙa fandisho, a duba inda ruwa ke bi

Masu shirin gini a sabbin unguwannin bayan gari, ku je ku duba filinku da damina, ana tsaka da ruwa. Gari na faɗaɗa, kowa na shafe tsakar gidansa da siminti, ruwan da ƙasa ke shanyewa a da yanzu titi yake bi, ya nemi gidan da ya fi kwari. Ku ɗaga daɓen gida sama da titi sosai, domin sau da yawa idan an gyara hanya ƙara mata tudu ake yi, gidan da ke daidai da ita yau gobe rami ne. A kuma shimfiɗa ledar hana danshi hawa bango, aƙalla santimita 15 sama da ƙasa.

Kankare kuwa, leburori kan tsuga masa ruwa don ya yi sauƙin zubawa, alhali hakan ke kashe ƙarfinsa. Ku tsaya a kansu. Amma bayan an zuba ya daskare, a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7. Sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da injiniya ya lissafa.

Ku bar wani gefen tsakar gida ba siminti, a dasa bishiya nesa da bango saboda saiwa.